Ƙa'idojin karɓar haihuwa da kula da jarirai a asibiti: tambayoyi da amsoshi

Yawancin mutane suna auna asibiti da gininsa: fenti, tayil, iyakwandishan, da yawan motocin da ke fake a harabar. Ɗakin haihuwa kuwa ba da wannan ake auna shi ba. Ana auna shi da wasu 'yan ayyuka da dole a yi su a kan lokaci, waɗansu cikin minti ɗaya, kuma da yawansu mai jinya da ke tsaye a gefen gado za ta iya gani da idonta ko an yi ko ba a yi ba. Ga tambayoyin da masu ciki da mazajensu da iyayensu suka fi yi a kan wannan batu.

Wace ƙa'ida ake nufi, kuma wa ya kafa ta?

A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunai 8 na ingancin kula da uwa da jariri a asibitoci. Uku na farko sun shafi aikin kansa: a yi wa mace da jaririnta abin da ilimi ya tabbatar, a rubuta bayanai daidai, a kuma iya tura marar lafiya gaba ba tare da ɓata lokaci ba. Uku na biye sun shafi yadda ake mu'amala da ita, wato a yi mata bayani, a kiyaye mutuncinta, a kwantar mata da hankali. Biyun ƙarshe su ne ƙwararrun ma'aikata a kowane lokaci, da kayan aiki, ruwa, wuta da magani.

A watan Fabrairun 2017, a birnin Lilongwe na ƙasar Malawi, Najeriya da Ghana suna cikin ƙasashe tara da suka fara ɗaukar alkawarin aiki da waɗannan ma'aunai. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya tana da nata littattafan jagora da aka gina a kansu. Saboda haka idan ka tambayi asibiti dalilin da ya sa ba a yi kaza ba, ba wata fitina ka ƙirƙiro ba. Abin da gwamnati ta sa hannu a kai kake tambaya.

Matanmu da yawa a gida suke haihuwa. Ba jawo su asibiti ya kamata a fara yi ba kafin maganar inganci?

Abubuwan biyu a ɗaure suke. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari ne na haihuwa ake yi a asibiti a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa kusan kashi 16. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya ce mata kimanin 75,000 suka rasu a ƙasar a shekarar saboda ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya.

To amma mace ba ta ƙin asibiti haka kawai. Maƙwabciyarta ta je an yi mata tsawa, ta haihu a kan benci ba kowa a kanta, aka kuma rubuta wa mijin kayan dubban nairori. Labari irin wannan guda ɗaya ya fi sanarwar rediyo ta wata uku tasiri a unguwa. Masana suna maganar jinkiri iri uku da ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun nan na asibiti ne kacokan, kuma shi ke haifar da na farko a haihuwar gaba.

Kowane asibiti ne ya cancanci karɓar haihuwa?

A'a. Akwai ayyuka 7 da ake sa ran ko ƙaramin asibitin da ke karɓar haihuwa ya iya su dare da rana: allurar kashe ƙwayoyin cuta, allurar tsuke mahaifa, allurar jijjiga, fitar da mabiyiya da hannu idan ta maƙale, kwashe abin da ya saura a mahaifa, taimaka wa fitowar jariri da na'urar zuƙo, da farfaɗo da jaririn da bai yi numfashi ba. Babban asibiti yana ƙara biyu a kai: tiyata da ƙarin jini.

Ƙaramin asibiti da ba ya tiyata ba laifi ya yi ba. Laifin shi ne ya riƙe macen da ta fi ƙarfinsa. An sha ganin asibitin kuɗi ya ajiye mai doguwar naƙuda kwana biyu ana ta ɗaura mata ruwa, sai da jariri ya mutu a ciki ko mahaifa ta fashe sannan a ce a ɗauke ta a kai babban asibiti. Asibitin kirki ya san iyakarsa, yana da lambar wayar inda zai tura, yana rubuta takardar da ke bayanin abin da aka riga aka ba ta, kuma ya san wace mota za ta ɗauke ta da ƙarfe biyun dare.

Me ya kamata a yi wa mace da zarar ta iso da naƙuda?

A duba ta nan take, kafin maganar kati da rasit. A auna hawan jini, zafin jiki da bugun zuciya, a dubi katin awonta, a saurari zuciyar jariri, a duba buɗewar bakin mahaifa da hannun da aka wanke aka sa wa sabuwar safa. Idan naƙuda ta kankama, ana sauraron zuciyar jariri duk rabin awa, idan an kai ga nishi kuma duk minti biyar. Bugun da ke tsakanin 110 da 160 a minti shi ne daidai. Duba bakin mahaifa duk awa huɗu ya wadatar. Yawan sa hannu, musamman bayan faya ta fashe, ƙwayoyin cuta yake kaiwa ciki.

Duk wannan ana rubuta shi a wata takarda mai layuka da ke bin tafiyar naƙuda awa bayan awa. Amfaninta shi ne ta nuna wa ungozoma cewa abu ya tsaya tun kafin ya ɓaci. A nan ne ake yin wata dabara da duk wanda ya zauna a ɗakin haihuwa ya sani. Mace ta haihu da asuba, sai da hantsi ma'aikaciya ta zauna da biro ɗaya ta cike takardar daga farko har ƙarshe, lamba bayan lamba, duk da kyau kamar an buga da inji. Mai duba asibiti idan ya zo sai ya ga fayil cif, ya ba da maki. Takardar da aka cike bayan haihuwa ba ta ceci kowa ba. Ba kullum ha'inci ne ke sa haka ba: ungozoma ɗaya da mata bakwai a dare ɗaya ba ta da hannun riƙe biro. Amma ko mene ne dalilin, ƙa'ida ba ta cika ba.

Ruwan naƙuda ma yana da sharaɗi. Ba a ɗaura shi don kawai a hanzarta a tashi aiki, kuma wadda aka ɗaura wa ba a barin ta ita kaɗai.

Zubar jini ne aka ce ya fi kashe mata. Me ƙa'ida ta tanada?

Rigakafi tukuna. Kowace mace, ko lafiya lau ta haihu, ana yi mata allurar oksitosin cikin minti ɗaya da fitowar jariri, don mahaifa ta tsuke. Bayan mabiyiya ta fita a duba ta a ga ko ta cika, sannan a riƙa taɓa mara ana duba jini duk minti 15 a awa biyun farko. Waɗannan awannin ne mafi hatsari, kuma su ne lokacin da kowa ya koma kan jariri, ana buga waya ana barka, uwa na kwance a lulluɓe tana zuba.

Allurar oksitosin tana da wata matsala da ta shafe mu kai tsaye: sanyi take so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Idan kwalinta ya yi watanni a kan kanta a zafin Sakkwato ko Maiduguri, ƙarfinta yana raguwa alhali kwalbar ba ta canza kama ba. Shi ya sa ba raini ba ne ka tambaya ko a firiji ake ajiye ta, da kuma ko firijin na da sola. Inda babu sanyi akwai madadi, ƙwayar misoprostol da wata allura mai jure zafi da ake kira kabetosin.

Sai gane cewa jinin ya yi yawa. Ma'aunin da aka daɗe ana aiki da shi shi ne rabin lita, amma ido ba ya iya auna jinin da ya jiƙe zane da katifa ya gangara ƙasa, kusan kullum ƙasa da gaskiya ake ƙiyastawa. A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji mai suna E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Abin da aka yi ba shi da wani tsada: leda ce mai aljihu da layukan awo ake shimfiɗawa ƙarƙashin mai jego, jinin ya taru a ciki, kowa ya ga inda ya kai. Da ya kai layi, sai a yi komai a tare maimakon ɗaya bayan ɗaya: murza mahaifa, allurar tsuke ta, allurar tsayar da jini mai suna tiranezamik, ƙarin ruwa, duba ko akwai yagewa, da kiran babba. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayansa ya ragu da kashi 60 cikin ɗari. Babu sabon magani ko ɗaya a ciki, duk abin da ake da shi ne, lokaci kawai aka daina ɓatawa.

Ita tiranezamik a cikin awa uku da haihuwa take amfani. Idan sai an rubuta wa miji ya fita neman kemis a buɗe cikin dare, lokacinta na iya wucewa yana kan hanya. Jamhuriyar Nijar ma ta nuna abin zai yiwu da kaya masu araha: tsarin da ta bi a duk faɗin ƙasar, na misoprostol da balan-balan da ake hurawa cikin mahaifa da rigar matse jiki, ya rage mace-macen zubar jini da fiye da rabi.

Jijjiga fa?

Jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune, daga hawan jinin ciki take zuwa, ba iska ba ce ba kuma sammu ba. Alamunta na farko ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, da ciwo a saman ciki. Awon jini da ya kai 140 bisa 90 abin bibiya ne, wanda ya kai 160 bisa 110 kuwa gaggawa ce. Maganinta allurar magniziyam salfet, da maganin sauko da jini, da fitar da jariri a kan lokaci.

Kano tana da tarihi a kan wannan. Wajen 2008 aka shigar da allurar a manyan asibitocin jihar guda 10, aka horar da ma'aikata, kuma mace-macen masu wannan ciwo suka sauko daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa kashi 2 da 'yan kai. Asibitin da ke karɓar haihuwa a yau ba shi da wannan allura a ɗakin haihuwa, ko yana da ita amma ma'aikaciyar dare na tsoron yin ta, bai cika sharaɗi ba.

Me ake yi wa jariri a mintunan farko?

A tsane shi sosai da busasshen zane mai tsabta, a jefar da jiƙaƙƙen, a ɗora shi tsirara a kan ƙirjin uwarsa, a rufe su tare, a sa masa hula. Ba a gaggawar yanke cibiya, ana jira minti ɗaya zuwa uku don jinin da ke mabiyiya ya ƙarasa shiga jikinsa. A sa shi a nono cikin awa ta farko. Daga baya a auna nauyinsa, a yi masa allurar bitamin K, a sa masa maganin ido, a ba shi rigakafin ranar haihuwa: na tarin fuka, ɗigon shan inna, da na ciwon hanta wanda ake so cikin awa 24.

Idan bai yi kuka ba bayan an tsane shi an shafa bayansa, minti ɗaya ake da shi a fara hura masa iska da 'yar jakar roba mai marfin da ke rufe hanci da baki. Ba a riƙe shi ta ƙafa a juya kansa ƙasa, ba a marinsa, ba a yayyafa masa ruwan sanyi. Jarirai da yawa da ake cewa sun zo babu rai, da ransu suka zo, numfashi ne ba su fara ba.

Wannan jakar ba ta aiki da wuta, ba ta kuma buƙatar iskar oksijin kafin ta yi amfani. Matsalarta inda ake ajiye ta. Na taɓa shiga wani ɗakin haihuwa inda jakar take sabuwa fil cikin ledarta, a kulle a kabad ɗin shugabar sashe, makullin kuma yana jakar shugabar, ita kuwa ta tashi tun azahar. A takardar ƙidayar kaya asibitin yana da ita. Ƙa'ida ta ce a shirya ta a kan tebur, a gwada ta, kafin kowace haihuwa.

Ba a yi wa jikana wanka ba har aka sallame mu. Ba ƙazanta ba ce wannan?

Ba ƙazanta ba ce, Hajiya, daidai suka yi. Ana jinkirta wankan farko har awa 24, domin jariri yana saurin yin sanyi ko da a bazara, kuma sanyi na kashe shi. Farin maiƙon da ke jikinsa kariya ce ga fatarsa. Maganar cewa wanda ba a cuɗe ba zai tashi da warin jiki ba ta da tushe.

Haka dakashi, wato ruwan nonon farko mai kauri. Ba gurɓatacce ba ne da za a matse a zubar, shi ne ya fi kowane nono kariya daga cuta. Asibiti mai bin ƙa'ida ba ya ba jariri ruwan sukari ko madarar gwangwani sai da dalili na likita, kuma ba ya barin 'yan tallan madara su raba kyauta a ɗakin masu jego. Kiran salla a kunnen jariri ba ya karo da komai a nan, ana yinsa yana kwance a ƙirjin uwarsa.

Cibiya kuma maganin shafawa na kulohezidin ake sa mata, wanda Jihar Sakkwato ta fara rabawa a 2013 kafin ya zama tsarin ƙasa. A cibiya kawai ake shafa shi, kada ya kusanci ido. Ban da gashi da tsumma mai zafi, ban da man goge baki, toka ko gishiri.

An haifi bakwaini kuma babu kwalba. Shi ke nan?

Ba shi ke nan ba. Jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba ana ɗaure shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a tsaye tsakanin nonuwa, awanni masu yawa a rana, ana ba shi nono ko a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara wannan a 1978, saboda ƙarancin kwalabe. Wani gwaji da aka yi a ƙasashe biyar, har da asibitin koyarwa na Ile-Ife da wani a Ghana, ya nuna fara goyon nan take, ba tare da jiran jariri ya murmure ba, ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin ɗari. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi shawararta. Ga matan da suka saba goyo tun suna yara, abin da ya canza kawai daga baya ya dawo gaba. Uba ko kaka ma za su iya karɓar uwa ta huta.

Wannan bai ɗauke wa babban asibiti nauyin samun oksijin, na'urar taimakon numfashi da fitilar maganin ciwon shawara ba. Jaririn da ke nishi ko ya ƙi kama nono yana buƙatar sashen jarirai.

Tsawa, mari, danna ciki da ƙari: dole ne?

Ko ɗaya ba dole ba ne. Shawarwarin 2018 na Hukumar Lafiya ta Duniya sun hana hawa kan cikin mace a danna don jariri ya fito, sun hana yi wa kowace mace ƙari a matsayin al'ada, sun kuma ce mai naƙudar da ba ta da matsala ta ci, ta sha, ta zaga, ta zaɓi yadda za ta zauna ko ta durƙusa. An kuma ba ta damar samun wanda ta yarda da shi a kusa da ita. A ɗakin da mata shida ke kwance babu labule, shigar namiji ba zai yiwu ba, amma uwa ko ya ko ƙanwa za ta iya, kuma labule ba shi ne zai karya asibiti ba.

Wani bincike da aka wallafa a 2019, wanda aka yi a Najeriya, Ghana, Gini da Myanmar, ya gano fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan sun gamu da duka, zagi ko wulaƙanci a lokacin haihuwa, kuma ƙananan mata da marasa ilimin boko abin ya fi shafa. Wasu ma'aikata suna cewa marin don ceton jariri ne, wai idan ba a yi ba yarinya ba za ta buɗe ƙafa ba. Yarinya 'yar shekara 16 mai haihuwar fari, wadda ta taso a kan cewa ko ihu ta yi abin kunya ne, tsoro ne ya ƙame ta, kuma mari tsoron yake ƙarawa. Idan ƙari ya zama dole, a gaya mata, a nemi yardarta, a yi mata allurar kashe zafi kafin yanka da kafin ɗinki.

Za a iya ƙin taɓa mace sai an biya, ko sai mijinta ya sa hannu?

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ko ma'aikaci ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. A aikace an san yadda ake yi. Duk da haka sanin dokar yana da amfani a bakin kanta. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka zaɓa, don haka tun ranar awo a tambaya ko asibitin na ciki. A Nijar an ayyana tiyatar haihuwa kyauta tun 2005.

Sa hannu kuwa, mace baliga mai hankalinta tana da ikon amincewa a yi mata aiki. Shawara da miji abu ne mai kyau, amma jiran wanda ke kasuwar wani gari wayarsa a kashe ya sha cin rai biyu. Maigidan da zai yi tafiya cikin watan haihuwa, ya bar magana a fili gaban iyalinsa cewa duk abin da likita ya ce a yi, kuma a san waɗanda za su ba da jini tun kafin ranar.

Yaushe ya kamata a sallami mai jego?

Bayan awa 24 idan haihuwar ta zo da sauƙi. Asibitoci da yawa suna sallama bayan 'yan awanni saboda ƙarancin gado, wani lokaci kuma dangi ne ke matsawa don a je a ɗora ruwan wanka. Kafin fita a auna uwa da jariri, a ga yana kama nono, a faɗa musu alamun hatsari. Ga uwa: jini mai yawa, zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, ruwa mai wari, haki. Ga jariri: ƙin nono, sanyi ko zafin jiki, numfashi da sauri, jijjiga, cibiya mai ja ko ruwa, da shawara, musamman wadda ta fito a ranar farko ko ta kai tafin hannu da ƙafa. Shanya jariri a hantsi ba ya maganin shawara mai ƙarfi, kuma a raba kayansa da kafur, domin yana tayar da ita ga wasu jarirai. Ana komawa a duba su a kwana na uku, sai tsakanin kwana 7 da 14, sai a mako na shida.

Wa ke sa ido a kan asibitoci, kuma ina ake kai ƙara?

Dokar 2014 ta ce kowane asibiti sai ya mallaki takardar shaidar cika ƙa'ida. Jihohi ne ke yi wa asibitocin kuɗi rajista. Kano tana da hukuma ta musamman a kan asibitoci masu zaman kansu, Legas ma haka, asibitocin gwamnatin jiha kuma suna ƙarƙashin hukumar kula da asibitoci. Likita yana amsa tambaya gaban majalisar likitoci ta ƙasa, nas da ungozoma gaban tasu majalisar, kuma duka biyun suna iya ƙwace lasisi. Akwai kuma kundin haƙƙin marasa lafiya da aka ƙaddamar a 2018.

A fara da shugabar sashe ko shugaban asibitin, a rubuce, da rana da lokaci da abin da ya faru, a riƙe kwafi. A karkara kwamitin ci gaban mazaɓa da ke kula da ƙaramin asibiti yakan fi saurin jin kuka. Rauninmu shi ne masu duba asibiti sun fi ƙirga gadaje da takardun shaida, ba kasafai suke zama su kalli haihuwa ba, kuma zuwansu da rana ne, bayan an sanar.

Idan mace ko jariri ya rasu, bincike ba jayayya da ƙaddara ba ne?

Najeriya tana da tsarin da ya ce duk mutuwar mai ciki ko mai jego ko jariri a asibiti a ba da rahotonta, kwamiti ya zauna ya bi abin da ya faru daki-daki, ba don a kama wani ba, don a gano inda aka makara. Ƙarfe nawa ta iso, ƙarfe nawa aka gan ta, jini ya samu ko bai samu ba, janareta ya tashi ko babu mai. Imani da ƙaddara bai hana wannan ba, kamar yadda bai hana ɗaure raƙumi ba. Inda tsarin ke lalacewa shi ne idan ya koma neman wanda za a ɗora wa laifi, sai ma'aikata su fara ɓoye gawa a lissafi ko su tura mace gaba tana gargara don kada ta mutu a hannunsu. Haka kuma idan kwamiti ya rubuta "babu jini a ma'ajiya" wata shida a jere ba wanda ya sayi firiji.

To idan aka ba kowace ungozoma takardar tuni ta bi, ba a gama ba?

An gwada. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da takarda mai abubuwa 29 da ake dubawa a matakai huɗu: lokacin karɓa, gab da haihuwa, bayan haihuwa, da kafin sallama. An gwada ta a asibitoci 120 a jihar Uttar Pradesh ta Indiya, aka fitar da sakamako a 2017. Ma'aikata sun ƙara bin matakan sosai, amma mace-mace ba su ragu ba. Takarda tana tuna wa mutum abin da ya iya, ba ta koya masa abin da bai iya ba, ba ta kuma kawo mota ko jini ko likitan tiyata. Ungozomar da ke aiki ita kaɗai, albashinta a makare, tana haska fitilar waya da baki tana ɗinki, ba ita ce za a fara tuhuma ba. Wanda ya ɗauki ma'aikata da wanda ya sa hannu a kasafin kuɗi su ma ƙa'idar ta hau kansu.

Me zan tambaya ranar awo don in san inda zan haihu?

Tambayi wa ke kwana a ɗakin haihuwa, ungozoma ce ko mai taimako. Tambayi ina ake ajiye allurar tsuke mahaifa, kuma ko akwai ta jijjiga. Ki ce a nuna miki inda ake farfaɗo da jariri. Ki dubi famfo ko bokitin wanke hannu, da sabulu ko babu, ki leƙa banɗaki. Tambayi inda suke tura mace idan abu ya gagara, da wace mota, da kuma nisan wurin. Idan babban asibiti ne, tambayi ko ana tiyata da dare da ranar Lahadi, da yadda ake samun jini. Ki kuma tambayi matan unguwarku da suka haihu a can cikin shekarar nan, musamman waɗanda naƙuda ta kama da dare.